Fuskar Da Na Goge Wa Daba Ngom

Ranar da na ce bari in yi abin arziki a shagon abincin Daba Ngom da ke unguwar Medina a birnin Dakar, ranar na tafka ta'asa. Ruwa ya yoyo ta rufi, ya jiƙa kwalin bayan wani zanen gilashi da ke rataye saman bencin da nake zama. Na sauke shi, na ɓare kwalin, na ga wani dabbare-dabbare ya kumbura, na ɗauka datti ne. Na sa tsumma na dirje iya ƙarfina. Da na juyo shi, sai ga mace da ɗaurin kallabi da 'yan kunne, babu fuska. Yatsuna nake hange ta gilashin.

Kowa a Dakar ya san ta baya ake shafa fentin irin wannan zane. Ni ma na sani, amma da baki.

Shekara talatin Daba tana sayar da shinkafa da kifi. Ko sunanta ba ta iya rubutawa, amma duk shekara sai ta sayi zane ɗaya a hannun wanda bai yi suna ba tukuna. Ba ta tayawa, ta ce kifi ake tayawa. Masu gidajen baje kolin zane sun sha zuwa da jakunkuna, ta ce bangonta ba kasuwa ba ne, sai dai ta yi musu kwatancen gidan mai zanen. Ni ɗan ƙabilar Tukulor ne ita Serer, akwai wasa tsakanin ƙabilunmu, kullum nakan ce mata Serer an koma tara gumaka. Ita kuma ta ce bawa ba ya magana da loma a baki.

Wanda na ɓata shi ne na farko da ta saya. Wani mai suna Malamin Coly ne ya zana shi, lokacin da ya zo daga yankin Kasamans ba shi da ko tabarma. Mahaifiyarta ce a ciki, tsohuwar da har ta rasu ba ta yarda an ɗauke ta hoto ba. Coly ya tafi Marseille ta Faransa, ya yi suna, bara waccan aka binne shi a can.

Daba ta fito daga madafa, ta karɓa, ta daɗe tana kallo. Na so ta zage ni, ba ta zage ni ba. Ta mayar da shi kan ƙusarsa haka, ta zubo mini abinci da kan kifi kamar kullum. Ban taɓa cin shinkafa mai wuyar haɗiya irin ta ranar ba.

Washegari na dawo da dabara. Na ce zan kai shi wurin masu zane na kasuwar Sumbejun su cike fuskar, ni da kaina zan faɗa musu kamanninta.

"To, bawana," in ji ta, "dariya take yi ko bakinta a rufe yake?"

Na kalli gilashin, na kalli rufi. Na ce kamar dai murmushi.

"Bar shi inda yake. Shekara ashirin kana zaune ƙarƙashinta idonka na cikin kwano. Yau da babu fuskar ne ka fara ɗaga kai."