Yumɓun da na kankare

Ina tsaka da figar zabi da safen nan ƙanwata ta kira ni, wai Baba Tanko maƙeri ya rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Kwana uku kawai ya yi yana zazzaɓi.

Ku da kuke sayen bandar kaji da zabi a wurina ba ku san shi ba, amma kun ci aikinsa. Shi ya ƙera mini gangar da nake banda a ciki, shekarar da na fara sana'ar nan a ƙauyenmu, bayan Gezawa. Aminin mahaifina ne. Bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "'yar Malam".

Gangar tana da ƙananan ƙofofin iska biyu a ƙasa, kowacce da marfin ƙarfe mai zamewa. Sirrin banda duk yana nan. In iska tana shiga kaɗan-kaɗan, gawayi ya ci a hankali, nama ya sha hayaƙi. In ta yi yawa wuta ta ruru, shi ke nan an yi asara.

Da gangar ta soma tsufa, iska ta fara satar hanya ta gefen marfin. Baba Tanko yakan zo a kekensa, ya watsa jiƙaƙƙen ƙaiƙayin gero a kan garwashi, ya rufe ko'ina, ya tsuguna yana jiran inda hayaƙi zai ɓullo. Sai ya bubbuga marfin da guduma har ya zauna daidai, ya kwaɓa yumɓu da toka ya liƙe gefe-gefen da babban yatsansa.

In na ɗauko masa kaza, sai ya ce, "Fiffike ɗaya ya isa, 'yar Malam. Haƙoran sun riga ni gaba."

Yanzu ga abin da ya hana ni sukuni, kuma yau sai na faɗa.

Bayan ƙaramar salla na samu odar zabin biki daga cikin Kano. Na ce bari in ɗauki bidiyon aikin in ɗora a shafina nan, don jawo kwastoma. Da na dubi gangar ta waya sai na ga yumɓun nan ya ɓata ta, kamar an yaɓa mata taɓo. Na ɗauki wuƙa na kankare shi tas, na wanke, har fenti na shafa. Wallahi kwalliya kawai na gani, ban kawo komai a raina ba.

Ranar aikin na jera zabi, na ja marfin kamar kullum, na shiga ciki yin girki. Ƙauri ne ya fito da ni. Duk sun ƙone.

Kun san ni da zuciya. Ko tsayawa dubawa ban yi ba, na shiga guruf ɗinmu na mata masu sana'a na saki saƙon murya. Na ce Baba Tanko ya tsufa, aikinsa ha'inci ne, kowa ta nemi wani maƙerin. Yawancin masu ganga a yankinmu suna cikin guruf ɗin.

Bayan kwana biyu sai ga shi, ban kira shi ba. Ya tsuguna, ya shafa bakin ƙofar mai sabon fenti. Sai ya ce, "Dattin nan da kika wanke, ai shi ne aikin."

Nan take na gane. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ya nemi toka a murhuna, ya kwaɓa yumɓunsa, ya sake liƙewa. Yana wanke hannu ya ce, "Kwanan nan mata sun daina kirana. Ko na tsufa ne?"

Ni kuma na ce, "Haba Baba, kasuwa ce babu."

Abin da na ce masa ke nan. Ganinmu na ƙarshe ke nan.

Kullum ina cewa gobe zan shiga guruf in warware, gobe zan je har maƙera in durƙusa. Girman kai ya riƙe ni. Ina lallaɓa zuciyata da cewa ai tsoho ne mai ƙaramar waya, ina zai ji?

Ɗazu na je gaisuwa bayan an kai shi. Matarsa, Inna Habi, ta riƙe hannuna ta ce, "Ya fa ji maganarki, 'yar nan. A ranar wata maƙwabciya ta kunna masa. Na ce zan same ki, ya hana. Ya ce namanki ya ƙone, dole ki ji zafi, a ƙyale ki ki huce. Washegari ya tafi rafi neman yumɓu."

Ashe ya sani. Ya sani lokacin da yake tsugune a tsakar gidana, ya sani lokacin da ya yi mini tambayar nan. Hanya ya ba ni in faɗi gaskiya, na ƙi bi.

To ku ji, musamman matan guruf. Ƙarya na yi wa Baba Tanko. Aikinsa ba shi da aibu, ni na lalata da hannuna. Duk wadda ta tura saƙona na farko wani wuri, don Allah ta tura wannan ma can.

Da na dawo gida na tsuguna gaban gangar. Shatin yatsansa yana nan a jikin yumɓun, ya bushe.

Ya Allah, Ka jiƙan Baba Tanko, Ka haskaka makwancinsa, Ka ba Inna Habi da yara haƙuri. Ladan da na ɗan tara, in akwai, Ka san wanda ya fi ni cancanta da shi. Duk wanda ya karanta, don girman Allah ya yi masa addu'a. Ni kuma ku roƙa mini ya yafe mini ranar da za mu tsaya, tunda a nan ban buɗe baki na roƙe shi ba.