Kaset ɗin da Aka Kai Makka

A daminar shekarar da na gama firamare, ranar wata Laraba da la'asar, na dawo gidanmu na Kaura Namoda da damin ciyawar tumaki a kai, na tarar an shimfiɗa tabarmi a gindin rumbu, kowa ya kewaye rikodar Kawu Sani. Wani alhaji daga Zurmi zai tashi zuwa Makka, inda yayar mahaifiyata, Inna Hajara, ta daɗe da zama. A lokacin ba waya, sai a ɗauki muryoyin 'yan gida a kaset a aika. Kawu ya danna maɓalli biyu tare, ya ce, "Zo nan, ɗan boko, gaida uwarka da Turanci ta ji ba a yi asarar alli ba." Na gyara murya na yi ta zuba, ana dariya.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne, direba a hanyar Shinkafi, kuma shi ya koya mini jin waƙoƙin baƙaƙen Amurka da ake kira sol. Aikina ne in shanya masa batir a kan kwanon ɗaki, in juya zaren kaset da biro don kada wuta ta ƙare. Sau da yawa na bar yara suna langa a ƙofar gida, na zauna kusa da shi a zaure yana wanke ƙafa bayan tafiya. Akwai kaset na wani mai murya sumul, goge na bin sa a baya. Kawu ya ce wannan mawaƙin bai taɓa kwana da yunwa ba. Akwai na wata mata mai ƙarfin maƙogwaro, wadda nake ganin, ko da yake ba ni da ilimin abin, tana cika ihu inda shiru zai fi. Sai na uku, baƙi, marar suna a jiki, wanda aka ɗauka a gaban jama'a. Muryar mutumin kamar ana jan buhun tsakuwa, yakan tsaya tsakiyar baiti, masu ƙaho su jira shi, wata mata ta amsa daga cikin taro. Ba ma jin kalmomin. Kawu yakan ɗaga yatsa ya ce, "Saurara! Wanga ba kiɗi ba ne, mutum ne ke roƙo." Ya yi mini alkawari, a gaban mahaifiyata, cewa in na ci jarrabawar shiga sakandare wannan kaset ya zama nawa. Ya ma nuna mini ramukan da ke gefensa, inda ya karya haƙoran don kada wani ya goge shi bisa kuskure.

Sakamako ya fito bayan an yanke gero, na ci. Na ruga zaure tun kafin in cire takalmi. Kawu ya sosa ƙeya, ya ce ai ranar nan ba a samu sabon kaset ba, alhajin kuma na sauri, sai ya cusa takarda a ramukan baƙin kaset ɗin, aka ɗauki muryoyinmu a kai. Wato ba kuskure ba ne. Sai da ya zauna ya nannaɗe takardar da hannunsa, sannan ya kira ni, ni da kaina, na shafe muryar da gaisuwata ta Turanci. Da ya ga idanuna sun kawo ruwa, sai ya ce, "Haba, yaro, kiɗi ne fa kawai."

Ina jin wannan maganar ta fi rashin kaset ɗin ciwo. Wataƙila ban yi masa adalci ba. Zumunci ya fi waƙa, kuma an ce Inna Hajara ta yi ta sauraronmu tana kuka. Amma daga ranar ban ƙara shanya masa batir ba, shi ma bai tambaye ni dalili ba.

Yanzu na yi digiri, waƙoƙin duniya duk suna cikin wayata. Na bi tsofaffin mawaƙan sol ɗaya bayan ɗaya, na samu biyu ko uku da suka yi kama, amma ba zan iya rantsuwa ba. Kawu ya ajiye tuƙi tun da hanyar Shinkafi ta zama abin tsoro, kunnensa ma ya yi nauyi. Bara na sa masa ɗaya a kunne, na tambaye shi ko shi ne. Ya saurara, ya ce, "Wane kaset?"

Ni kaɗai ke nan na rage da ke tuna inda mutumin yake tsayawa.