Jif Ɗin da Na Hana a Gurgunta

Shekarun baya can, lokacin Dutse ba ta daɗe da zama babban birnin jiha ba, na mallaki wata tsohuwar jif da na saya a gwanjo. Ku yaran yanzu kada ku yi dariya. A unguwarmu ta Takur, in na tayar da ita da safe, har kajin maƙwabta sai sun nemi mafaka.

Ba don taƙama na saye ta ba, ko da yake na ɗan taɓa. Mahaifiyata tana ƙauyenmu a bayan Buji, ita da awakinta da ɗakin da mahaifinmu ya rasu ya bar ta a ciki. Yayana ya dage a dawo da ita gari, wai in ciwo ya taso da damina wa zai ɗauko ta? Ita kuwa ta ce ko da igiya ba mai jan ta. Aka yi sulhu: muddin motata tana kaiwa ƙofar gidanta rani da damina, a ƙyale ta. Ranar da ta kasa, Inna ta tattara.

Damina na kankama sai jif ta soma kuka daga ƙarƙashi, kamar ana niƙa tsakuwa. In na sa giyar da ke jan ƙafa huɗu, sai ta fizge ta koma. Na kai wa abokina makanike. Ya shiga ƙarƙashi ya fito yana goge hannu.

"Alhaji, ogzilari ce, akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin tayoyin gaba da na baya. Mai ya tsiyaye, sarƙar ciki ta saki."

Na ce, "To a gyara."

"Wa ke gyara wannan a garin nan? Farfelar gaba, ƙarfen da ke juya tayoyin gaba, za mu kwance mu jefa maka a but, tayoyin baya su riƙa ja, kuka ya ƙare. Motocin manya ma haka muke yi musu."

"Wato jaki na ɗingishi, maganinsa a sare ƙafar?"

"Kai dai da gardama. Ba kwalta kake bi ba?"

Na ce, "Manyan naka, uwayensu a bayan Buji suke?"

Da yamma sai ga Yaya, labari ya kai masa, yana wani murmushi. "Ƙanena, haƙuri za ka yi, ƙarfe ne. Na ma sa an share wa Inna ɗaki." Wallahi wannan sharar ita ta ƙarasa tunzura ni.

Na sa aka sauke akwatin, aka ciro sarƙar, na ƙunsa duka a buhu na hau bas sai Kano. Kwandasta ya ce a ɗora a sama, na ce sai dai a ɗora mu tare, na rungume buhuna a cinya. Ragowar baƙin mai ya yi wa farin kaftanina zane, wata tsohuwa a gefena tana ta salati tana janye zaninta.

A kasuwar kayan mota aka ce in faɗi lambar sarƙa. Ni da bokona ya tsaya a aji huɗu, shi ma rabinsa a gona na yi shi! Sai na riƙa bin rumfa rumfa ina shimfiɗa tsohuwar sarƙar a jikin kowace sarƙa da na gani, ina ƙirga haƙora kamar mai taya saniya. A jikin wata jif da ta yi haɗari na samu daidai, na haɗa da boris da robar da ke hana mai zuba.

Na dawo na shimfiɗa tabarma gindin darbejiya, na zauna a kan abokina kamar ungozoma. Yana wanke ƙarafa da kananzir yana mita, ina ce masa, "Ɗaura dai, mita ba ta kwance noti." Aka haɗa, aka zuba mai.

Na jira sai da aka tafka ruwa, sannan na ɗauki Yaya a kujerar gaba. Da muka isa fadamar da hanya ke komawa kunu, ya riƙe ƙofa ya ce, "Juya! Kada ka kashe mu da iyali a gida!" Na yi bisimilla na ja ƙaramin sandan giya. Jif ta yi nishi, ta nutse, ta yi gefe, can sai na ji ƙafafun gaba sun cafki ƙasa. Muka haye. Gilashin ɓangaren Yaya dama ba ya rufuwa, laka har hularsa.

Inna ta leƙo ta dube mu sama da ƙasa. Na gyara tsayuwa ina jiran a sa mini albarka. Sai ta ce, "Ku cire takalman nan, kada ku ɓata mini tsakar gida."

A ɗakinta ta ƙarasa kwanakinta, aka binne ta kusa da mijinta, Allah ya jiƙansu. Har gobe Yaya cewa yake taurin kai ne kawai, ni kuma ban taɓa musawa ba. Yanzu gwiwa ta fara yi mini gardama, ina jin 'ya'yana suna ƙus-ƙus a zaure, wai a mai da Baba wajen babbansu a Kano ya huta. Kunnena ƙalau yake. Su je su tambayi baffansu, yana nan da ransa, ya gaya musu ɗan wace ce ni.