Na'ura Ta Sa Na Tambayi Uwa Ko Ita Ta Haifi Ɗanta

Edita, na daɗe ina shakkar aiko da wannan labari, kuma ko yanzu ba zan ambaci sunan kowa ba, don mutanen suna raye. A lokacin da abin ya faru ban jima da gama bautar ƙasa ba, ina zaune a gidanmu a Gwarzo ina neman aiki. Ni mutum ne mai tsoron kuskure tun ina makaranta, irin wanda zai kulle ƙofa ya yi nisa sannan ya dawo ya sake taɓa kwaɗon. Da aka ɗauke ni aikin wucin gadi a wani shirin gwamnati na yi wa gidaje masu ƙaramin ƙarfi rajistar samun magani kyauta, na ɗauki aniyar ba za a taɓa kama ni da sakaci ba. Ba ni ke yin rajistar ba, wasu ne suka riga suka zaga ƙauyuka suka ɗauki bayanai. Nawa aikin tantancewa ne. Akwai manhaja mai aiki da ƙirƙirarriyar basira da ke gwama bayanan mutane, in ta ga abin da bai yi daidai ba ta sa jar alama, ni kuma a tura ni in gano ko maguɗi ne. A wajen horo an nanata mana cewa mutane na cusa kansu cikin gidajen da ba nasu ba, kuma na'ura ba ta san son kai ba. Na riƙe wannan magana fiye da yadda ya kamata, ina jin.

Wata rana jar alama ta fito a kan wani gida a yankin Masanawa ta ƙaramar hukumar Kabo. Gidan wata dattijuwa ce da mijinta ya rasu. Da aka tambaye ta 'ya'yanta ta lissafa su, amma akwai wani saurayi, manomi mai gyaran babur a bakin hanya, da ya yi tasa rajistar ya ce ita ce mahaifiyarsa, alhali ba ya cikin waɗanda ta ambata. Manhajar ta nuna cewa da alama ya jingina kansa da gidan ne don ya ci moriya. Tun a kan hanya na gama yanke masa hukunci a zuciyata, duk da ina gaya wa kaina cewa bincike kawai zan yi.

Na yi sallama a zauren gidan, dattijuwar ta fito ta zauna daga bakin ƙofa, muka gaisa har da tambayar damina da mutanen Gwarzo. Sai na kira sunan saurayin, na ce Inna, wannan ɗanki ne? Ta sunkuyar da kai ta yi shiru. Na sake tambaya. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, ta ce da ni a hankali, "Ɗan gidan nan ne dai." Na ji wasu mata daga cikin gida suna ƙunshe dariya. Na matsa, na ce amsar da ake so ita ce e ko a'a, ta ce in je in tambayi masu shi, ta tashi ta shige ciki. A idona a ranar, shirun nan da dariyar nan duk shaida ce cewa ana ɓoye wani abu. Har na fara zargin ko da haɗin bakinta aka yi, kunyar ƙarya ce ta hana ta kallona.

Da na tsaya nan da sauƙi. Amma tsoron kada in rubuta rahoton da bai cika ba ya sa na bi gari ina tambaya. Na je majalisar da ke gindin wata bishiya kusa da masallaci, na je wajen mai shayi, na tambayi wani mai kanti. Ko'ina tambayata ɗaya ce, ko sun tabbata wane ɗan wance ne, ko akwai wanda ya ga haihuwarsa. Don in kare kaina kuma sai in ɗaga na'urar da aka ba ni ta aiki in nuna musu jar alamar, in ce ba ni na faɗa ba, kwamfuta ce ta gano bayanansu ba su haɗu ba. Matasan wurin suka ce su dai sun san a wani gari, Gammo, ya tashi, da girmansa ya dawo garin. Wani ya yi dariya ya ce ashe yanzu har cikin mace kwamfuta ke leƙawa. Wani dattijo ya dube ni ya ce Malam, kai ɗan ina ne, na ce Gwarzo, ya ce to ai ba nisa, ya juya ya ci gaba da jan carbinsa. Shi ma na sa shi cikin waɗanda nake zargi.

Sai da na koma gida nake ba mahaifiyata labari, ina ma ɗan alfahari, ta ajiye abin da ke hannunta ta tambaye ni ko saurayin shi ne babba a ɗakin matar. Na duba shekaru, na ce da alama shi ne. Ta ce to ɗan fari ne, kuma macen ƙauye ta zamaninsu ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta lissafa shi a gaban baƙo, sau da yawa ma kaka ake ba wa ta riƙe shi. Na san wannan alkunya, Edita, ba zan ce ban sani ba. Ni auta ne, kuma a gabana mahaifiyata ke kiran babban yayanmu da "wannan yaron". Ban san yadda jan ɗigo a fuskar na'ura ya shafe mini abin da na tashi a cikinsa ba.

Kafin in koma ƙauyen magana ta riga ta canza kama. Abin da ban sani ba shi ne ana shirin sa wa saurayin ranar aure, kuma dangin yarinyar da zai aura suna cikin binciken asali kamar yadda aka saba. A daidai wannan lokaci ne ma'aikacin gwamnati ya zo da na'ura yana tambayar ko uwarsa ce ta haife shi. Daga bakin mai shayi zuwa gidan biki, zance ya koma cewa kwamfutar gwamnati ta gano wane ba ɗan gidan ba ne, tsinto shi aka yi, wasu ma suka faɗi abin da ya fi wannan muni. Waliyyan yarinyar suka aiko cewa a dakata.

Dagaci ya tara mu a zaurensa. Na yi bayani iya iyawata, na ce na'urar ba ta san jini ba, amsoshi biyu kawai ta gwama, kuma laifin nawa ne. Baffan yarinyar ya ce ranka ya daɗe, shi bai san wannan ba, abin da ya sani shi ne uwar da kanta an tambaye ta ta kasa cewa nata ne. Sai ga dattijuwar ta shigo, ba wanda ya aika a kira ta. Ta durƙusa a gaban maza, ga ɗan nata a zaune, ta kira sunansa cikakke, ta ce, "Ni na haife shi. A ɗakin uwata na haife shi, shi ne na fari." Matar da ta kai waɗannan shekaru ba ta taɓa furta sunan nan ba. Saurayin ya kifa kansa a gwiwa. Ba wanda ya iya duban wani a zauren.

Na so a ce abin ya ƙare a nan, amma dangin yarinyar ba su dawo ba. Na ji an ce wani daga cikinsu ya ce ruwa ba ya tsami banza, tunda har hukuma ta yi shakka. Ban tabbata ko dama suna da wani dalilin ba, wataƙila ina neman abin da zai rage mini nauyi ne. Na je neman gafarar saurayin a wurin aikinsa, ya ce Allah ya yafe mana gaba ɗaya, bai ɗago daga babur ɗin da yake kwancewa ba. Jar alamar kuwa, da na koma ofis, da yatsa ɗaya na goge ta.

Ba ina cewa a yi watsi da waɗannan na'urori ba ne, suna kama maguɗi na gaske, na gani da idona. Abin da na koya shi ne na'ura tambaya take tayarwa, amma mutum ne ke ɗaukar tambayar ya kai ta bakin jama'a, kuma a ƙauye wata tambayar kanta hukunci ce. Ina roƙon matasa irina da ake ba wa wannan aiki, in kun ga jar alama ku fara zuwa wurin mai unguwa ko wani dattijo a keɓe, ku tambayi yadda mutanen wurin ke amsa magana, kada ku nuna wa kowa bayanan wani don ku wanke kanku. Masu tsara shirin kuma su sani akwai gaskiyar da uwa ba ta faɗa wa baƙo. Ni an biya ni haƙƙin aikina, har an yaba da ƙwazona. Shi kuwa, a iya sanina, har yau bai yi aure ba.