Wa'adin Mai Ruwa

Maigidana, Allah ya jiƙansa, mai ruwa ne. A lokacin ba kowane gida a Jidda ke da famfo ba. Bazan ake zuwa, wato matattarar ruwan unguwa, inda maza ke cika garwani biyu su rataya a sanda, su hau benaye da su. Kowane mai ruwa da gidajensa, ba mai taka na wani. To, sai ga bututu ya shigo layinmu a Sharafiyya, gida bayan gida suna ce masa, "Halas, ya isa haka, mun gode." Kafin ka ce kwabo, mutumin da kafaɗarsa ta yi kanta saboda dako ya koma zaman tabarma yana kallon bango. Ni kuwa ga ciki ya fara ɗaga zane.

Mutanenmu na bazan suna da wata al'ada. In mutum ya rasa gidajensa ba a miƙa masa sadaka, don wa ma zai karɓa? Sai dai kowane mai ruwa ya sakar masa sawu ɗaya cikin nasa kullum. "Don Allah kai wa gidan wane, ƙafata na ciwo." Ƙarya ce, kowa ya sani, ƙafar lafiyarta lau. Ya kai ruwa, ya karɓi ladan wahalarsa, ya dawo gida da mutuncinsa. Amma abin yana da iyaka. Da zarar alhazai sun watse bayan aikin Hajji an rufe taimakon, kowa tasa ta fisshe shi.

Alhazai suka watse. Maigida ya shigo ya ce mini ya samu aikin shimfiɗa hanya can cikin rairayi, inda in an kwashi mutum sai shekara ta zagayo ake ganin ƙeyarsa. Na ce, "Malam, da hankalinka kuwa? Haihuwar fari, ba uwa ba uba, kai ma ka sa ƙafa ka tafi? In na durƙusa, bango zan kira?" Ya ce ciki ba ya cin haƙuri. Na ce ni ma ba na cin kewa. Muka kwana biyu ba mai ce wa wani uffan, ina dafa shinkafa ina dangwarar masa da kwanon.

Sai labari ya zo cewa shehin masu ruwa, wani dattijo mai farin gemu da ke shugabantar bazan ɗinmu, ya kira taro a duba ko za a ƙara wa maigidana wa'adi. Abin haushi, ranar taron ita ce ranar tashin motar masu aikin hanya. Na roƙe shi ya tsaya ya ji. Ya ce shi ba ragon layya ba ne da za a kewaye ana taya shi. Ya ɗaure ƙunshinsa tun da hantsi, ya nufi inda motar ke lodi.

Ni gyaɗa nake soyawa ina sayarwa a gindin katangar bazan, don haka ba wanda ya isa ya ce na zo saurare. Amma sauraren na zo. Na kasa kunne har gyaɗa na ƙonewa. Wani Bahaushen Sudan, mai 'ya'ya rututu, ya miƙe ya ce su ma gidajensu raguwa suke yi, yau wannan gobe wancan, wanda bai ƙoshi ba yaya zai ciyar da wani? Gaskiya ya faɗa, amma wallahi a ranar ji na yi kamar in watsa masa yashin kasko. Ban san lokacin da na leƙa ta kan katanga ba. Na ce, "Baba, a bar shi ya ga abin da zan haifa mana!"

Shehi ya juyo ya ce, "'Yata, nan ba wurin mata ba ne." Ya ɗan shafa gemu, ya ce, "Amma dai mun ji."

Su ba sa ɗaga hannu. Wanda ya yarda, garwarsa yake ajewa a gaban shehi. Na koma na tsuguna. Can sai na ji ƙwal! Sai wani ƙwal! Kafin in miƙe, ƙarar garwani ta cika wurin kamar ana bikin maƙera. Mutumin Sudan bai aje tasa ba, ya saɓa sandarsa ya wuce. Shehi ya ɗaga murya ya ce an ƙara, har watan Maulidi ya fita.

Ayyururui! Na rangaɗa guɗa a tsakiyar titi, na bar kasko a kan wuta, na ranta a na kare. Mace da ciki tana gudu ba takalmi a kan ƙasar Jidda da rana tsaka! Wani mai shago yana ce mini, "Ya Hajja, a hankali!" Ina! Wa ya tsaya ta tasa? Na iso direba na ihun "Yalla, yalla," maza cike da bayan mota, kowa rungume da ƙunshinsa. Na hango hularsa. Na buɗe maƙogwaro, "Malam! An ƙara! An ƙara, sauko!"

Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Sai ya dafa ƙarfen motar ya diro, na cafke hannun rigarsa a gaban jama'a, ko kunya ban ji ba. Ina dariya, hawaye na zuba, ƙafafuna na zogi.

Sai wani dattijo daga cikin motar ya sunkuyo. Ban san shi ba, amma wuyan rigarsa ya zame, na ga kanta a kafaɗarsa irin ta maigidana. Mai ruwa ne na wani bazan. Ya ce, "'Yata, har da mu?"

Na girgiza kai. Ya ce, "To, Allah ya sauke ki lafiya," ya gyara zama a kan ƙunshinsa. Motar ta ja, ni kuwa ban saki rigar maigidana ba har muka kai gida.