Tumatir mai suna Perime

Na tarar da Inna a tsakar gida ta jera gwangwanayen tumatir, hankalinta kwance. Gobe sunan ɗiyata, rabin unguwa daga tukunyarta za su ci.

Tun safe motar hukuma mai lasifika ke zagaya Filinge tana shela: an kama tumatirin gwangwani "perime" a kasuwa, kowa ya duba nasa.

Na ce, "Inna, kin ji shelar?"

"Na jiya, ɗan nan. Maƙwabciya ta karanta mini gwangwanayen duka, babu mai suna Perime. Nawa wani kamfani ne."

Na ɗaga guda, gindinsa ya kumbura kamar kwaɗo.

"Inna, perime ba suna ba ne. Faransanci ne, wanda lokacinsa ya wuce ya lalace."

Ta riƙe haɓa. "To mi ya hana su ce ruɓaɓɓe? Cikina lakkwal ya yi, ya koyo boko?"

Muka zubar da su muna dariya, ta jiƙa busasshen tumatirinta.

Gargaɗi ya iso ƙofar gidanmu, kalma guda ta hana shi shiga. Ku fa, wace kalmar shela ta taɓa wuce tsofaffinku?