Na Ga Zaren Yana Shirin Tsinkewa

A ƙarshen shekarun tamanin ni budurwa ce 'yar shekara ashirin da huɗu, ina zaune gidan mahaifina a Doka, shi ma'aikacin gwamnati, ni kuma sabuwar malamar kimiyya a wata makarantar 'yammata ta wajen Mando. Jikina ne kawai yake ƙasa, hankalina kullum yana sama. Idan na sauko daga bas da yamma nakan tsaya bakin titi ina kallon jiragen sojan sama suna komawa masaukinsu, har tauraruwa Zara ta fito ita kaɗai gabanin magariba, sai in ji kamar ƙasar nan jirgin ruwa ce mai tafiya da mu a hankali, ba ƙara ba girgiza. Mahaifiyata takan ce wata rana tuwo zai ƙone ina can ina ƙirga taurari.

Darasin da na fi ƙauna shi ne na tafiyar duniyoyi. Nakan gaya wa ɗalibaina cewa duk abin da ke tafiya, sak zai ci gaba da tafiya sai in wani ƙarfi ya tare shi ko ya karkatar da shi, kuma ƙasarmu tana ƙara sauri idan ta matso kusa da rana, ta rage idan ta yi nisa, domin abin da Allah Ya zuba mata na juyi ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Akwai wata yarinya a aji huɗu, 'yar Katabu, mahaifinta malamin Alƙur'ani ne wanda da ƙyar ya yarda ta yi boko. Ita ce ta ɗaga hannu wata rana ta tambaye ni, in dai ƙasa tana jan wata, me ya hana shi faɗowa? Na ji daɗin tambayar har na yi mata alkawarin za ta ga amsar da idonta.

Littafinmu ya ce a zura zare ta cikin bututun biro, a ɗaure ƙwallon roba a bakinsa, a wulwula. Ni kuwa na ga roba ba ta da nauyi, sai na karɓo notin ƙarfe wajen wani bakanike. Da safe na gwada wa wani aji, abin ya yi kyau. Da na zo naɗe zaren, na ga bakin bututun ya ci shi, ya yi gashi-gashi. Na shafa wurin da yatsa, na ce a raina ai zai kai ƙarshen yini.

Bayan hutun tara na fitar da aji huɗu ƙarƙashin darbejiya, suka yi da'ira, yarinyar nan a sahun gaba. Na shiga wulwulawa, notin yana shawagi a saman kaina yana ƙyalli. Na ce musu zaren nan shi ne jan ƙasa, notin shi ne wata. Na janyo zaren ta ƙasan bututun, da'irar ta tsuke, notin ya ƙara sauri har yana kuka, yara suka yi ta mamaki. Wallahi a lokacin ba a Mando nake ba, ina can tsakanin taurari. Ina cikin cewa da zaren zai tsinke, wata sak zai miƙe, sai na ji hannuna ya yi sakayau. Babu ihu da farko. Na ga dai yarinyar nan ta durƙusa, ta rufe fuska da hannu biyu, jini yana bin tsakanin yatsunta yana ɗiga a farin hijabinta.

Idon hagu bai tsira ba. A barandar asibiti na sami mahaifinta, dattijo siriri da carbi a hannu. Na durƙusa a gabansa. Ya ce in tashi, abin da Allah Ya rubuta ba makawa. Sannan ya dube ni ya ce, "'Yata, abu ɗaya zan tambaye ki. Kafin ki fara, kin ga alamar zaren zai tsinke?" Na sunkuyar da kai na ce, "A'a, Baba, ban gani ba." Ya ce to shi ke nan, ba ni da laifi, har ya sa mini albarka. Wannan albarkar ta fi mini zagi zafi. Yarinyar ba ta dawo makaranta ba, ni kuma na daina ɗaga kai in kalli sama.

Sai bayan shekara tara, na yi aure har da 'ya'ya biyu, na iya shiga motar Katabu. Na tarar dattijon ya rasu shekara biyu da suka wuce. Ita kuwa tana gidan mijinta tana koyar da matan unguwa karatu. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo fura, na faɗa mata komai ina kuka. Sai ta ce ai tun a sahun gaba ta hango zaren ya yi gashi, ta kuma ga na kalle shi kafin in fara, amma ta yi shiru don tana son ganin amsar. Ta ce ba ta taɓa gaya wa Baba ba, kuma ta daɗe da yafewa. Na fito ina tunanin mutumin da na yi wa ƙarya, wanda ba zan ƙara samu in gaya masa gaskiya ba.

Shi ya sa nake roƙon 'yan'uwana malamai, da duk wanda aka danƙa wa 'ya'yan mutane: daɗin abin da kuka sani kada ya rufe muku ido daga abin da ke hannunku. In zuciya ta ce a tsaya a gyara, a tsaya. In kuma tsautsayi ya riga ya auku, a faɗi gaskiya tun mai tambayar yana raye. Ni na jira sai na sami ƙarfin hali, da na same shi kuwa, kabari na tarar.